Wa Zai Biya Kuɗin Hanya Daga Birnin Gwari Zuwa Filin Jirgi?

Duk shekara, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, Facebook kan cika da hotuna iri ɗaya: matashi ko matashiya a filin jirgin Abuja ko na Kano, ga akwati a gefe, ga fasfo a hannu, an rubuta Alhamdulillahi a sama. Wannan ya samu Chevening zai tafi Ingila, wancan ya samu DAAD zai tafi Jamus, wata kuma Erasmus Mundus ta samu, za ta zaga ƙasashen Turai biyu ko uku kafin ta haɗa digirinta na biyu. Jama'a su yi ta sa albarka, wasu su bi ta bayan fage suna roƙon a faɗa musu sirrin. Ina taya su murna har zuci. Sai dai na saba duba garin da kowannensu ya fito, kuma sunayen kusan ba sa canzawa: Kano, Zariya, Kaduna, Katsina, Sakkwato, jefi-jefi Funtuwa ko Gusau. Kafin ka ga ɗan Kuyello, ko Randagi, ko Dogon Dawa, ko Kakangi, ko Damari, sai ka yi tono.

Duk wanda ya taɓa koyarwa a jami'ar Ahmadu Bello ko jami'ar jihar Kaduna ya san 'ya'yan ƙasar Birnin Gwari ba su gaza kowa ba a aji. Abin da ke tare su yana can baya, tun kafin a kai ga gasar, kuma mafi yawansa abu ne da kuɗi kaɗan da tsari za su iya kawarwa. A kan wannan nake so mu tsaya.

Mu fara da abin da cikakken tallafin ke biya, domin yana biya da yawa. Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983, yana ɗaukar kuɗin makaranta na digiri na biyu na shekara guda, da tikitin jirgi zuwa da dawowa, da kuɗin biza, da alawus na wata-wata. Tallafin ƙasashen Commonwealth ya girme shi, tun 1959 aka kafa shi. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ba ɗalibi yuro 1,400 a wata ban da kuɗin makaranta, kuma a 'yan shekarun nan 'yan Najeriya ne kan gaba a Afirka wajen samunsa. Ga na Turkiyya, ga na Hungari, ga na Japan da Sin, ga na gidauniyar Mastercard, ga jami'o'in Saudiyya irin su KAUST da ke biyan ɗaliban kimiyya albashi mai tsoka. Cike takardar neman Chevening ko Commonwealth ko DAAD kyauta ne, ko sisi ba a biya. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari biyu zai samo maka gurbi, ɗan damfara ne, ko da kuwa yana da ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar Kaduna.

To amma duk wannan alheri daga filin jirgi yake farawa. Kafin nan fa? Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun watan Satumban 2025. Takardar cikakken sakamako daga jami'a, wadda ke nuna abin da ɗalibi ya ci a kowane kwas, tana da kuɗinta, kuma duk wanda ya taɓa nemanta ya san ba ta fita sai da sintiri: yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe ba a ga fayil ba. Jami'o'i da dama suna neman shaidar jarrabawar Turanci irin IELTS, wadda kuɗinta ya fi albashin wata na malamin firamare, kuma ba a rubuta ta a Birnin Gwari. Mai zuwa Ingila sai ya yi gwajin tarin fuka a birane irin su Abuja ko Legas. Wasu daga cikin waɗannan kuɗaɗe ana mayar wa wanda ya yi nasara daga baya, amma sai ya fara fitarwa daga aljihunsa. Ɗan ma'aikacin banki a Kaduna zai ɗauki wannan a matsayin hidimar wata guda. Ɗan manomin da ya shekara huɗu ko biyar bai taka gonarsa ba, ko wanda gidansu ya sayar da shanu da fili don biyan kuɗin fansar ɗan'uwa, a nan tafiyarsa ke ƙarewa, ba tare da wani ya taɓa karanta takardarsa ba.

Sai kuma hanya kanta. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna kimanin kilomita 120 ne, ta Udawa da Buruku. An yi shekarun da mota ba ta bin wannan hanya sai an taru an jira rakiyar jami'an tsaro, kuma ko da rakiyar, sai an yi sallama da iyali kamar mai tafiya yaƙi. Wanda zai je Zariya neman takarda sau uku, ransa ya sa a caca sau shida.

Akwai wani abu da ya faru a 2021 da ban ji an haɗa shi da maganar karatu ba, alhali ya shafe ta kai tsaye. A ƙarshen Satumban shekarar, gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Birnin Gwari, ba a dawo da su ba sai ƙarshen Nuwamba. A farkon Nuwamban ne aka rufe karɓar takardun Chevening na wannan shekara. Watau makonnin da matashin Zariya ke zaune yana gyara rubutunsa, yana tuntuɓar malaman da za su yi masa shaida, yana duba jami'o'in da zai zaɓa, takwaransa na Birnin Gwari ko saƙon tes ba ya iya turawa. Ba na musun dalilin da ya sa aka ɗauki matakin. Ina dai cewa akwai asarar da ba ta shiga lissafin kowa ba, domin wanda bai nema ba, ba a rubuta sunansa ko a jerin waɗanda suka faɗi.

Asarar da ta fi wannan girma ma ba ta gama bayyana ba tukuna. Digiri na biyu a Turai ana gina shi ne a kan na farko mai kyau, yawanci daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, shi kuma a kan sakandare, ita kuma a kan firamare. A ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama a ƙaramar hukumar Birnin Gwari suka tafi da malamai uku. Kwana huɗu kafin nan an kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, wata guda kafin nan kuma an shiga makarantar kimiyya ta Kagara da ke maƙwabtaka a jihar Neja. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe yaran Kuriga, a kan hanyar nan tamu ta Kaduna, aka dawo da 137 bayan fiye da mako biyu. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, malamai sun nemi canjin wurin aiki, iyaye sun janye 'ya'yansu, makarantun ƙauye sun zama kufai ko masaukin 'yan gudun hijira. Yaron da ya bar aji huɗu a 2018 shi ne ya kamata ya nemi digiri na biyu wajen 2032. Idan muna ganin sunayenmu sun yi ƙaranci yanzu, wannan giɓin yana tafe.

Shi ya sa nake ganin 'yan kaɗan ɗin da suka tsallake, suka gama digiri a Zariya ko Kaduna ko Kano cikin wannan hali, har da yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, ba mutanen da za a bari su ƙare a shagon cajin waya ba ne.

Da an yi wannan magana, abin da ke fara zuwa bakin mutanenmu shi ne gwamnati ta tura yaranmu waje, kamar yadda Kwankwaso ya tura 501 a Kano, Abba Kabir Yusuf kuma ya sanar da 1,001 a 2023. Na fahimci sha'awar, amma a duba inda iska ta dosa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin watanni. Asusun TETFund, wanda ya daɗe yana tura malaman manyan makarantu ƙetare, ya dakatar da wannan ɓangare daga Janairun 2025, yana kafa hujja da tsada da kuma malaman da ke tafiya ba sa dawowa. Tallafin BEA na gwamnatin tarayya, wanda ke kai ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hungari, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi a 2025, bayan an zaftare alawus ɗin ɗaliban, an kuma riƙe shi watanni har suka riƙa kuka a kafafen labarai. Ba na yi wa ɗan kowa fatan ya tsinci kansa a ƙasar dusar ƙanƙara yana jiran kuɗin da sai an yi zanga-zanga a Abuja kafin ya fito.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Shekara guda ta digiri na biyu a Ingila, da kuɗin makaranta da na zama, kan kai fam dubu 30 ko fiye, wanda a canjin yanzu ya haura naira miliyan 50. Wannan mutum ɗaya ke nan. Idan aka ware wa kowane mai nema naira dubu 500 don fasfo, takardar sakamako, jarrabawar Turanci, kuɗin mota da na data, miliyan 50 ɗin za ta shirya mutum ɗari. Ko biyar kacal suka yi nasara, an ci riba ninki biyar, kuma Bature ne zai biya sauran da kuɗinsa, a kan lokaci. Ragowar casa'in da biyar ɗin ma ba su tashi a banza ba: suna da fasfo, suna da takardunsu a hannu, sun koyi rubuta buƙata, za su sake nema baɗi. Mafi yawan waɗanda muke gani a hotunan nan ai ba a karon farko suka samu ba.

Wannan kuɗi bai fi ƙarfin masarautar Birnin Gwari ba. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, tireloli suna lodin shanu da hatsi, motoci suna bin hanya. Kowa na da ra'ayinsa kan sulhun da kuma ko zai ɗore, ni ma ina da nawa, amma ba shi ne zancen yau ba. Zancen shi ne kuɗi ya fara motsi a garin, kuma irin wannan sarari ba a san tsawonsa ba.

Akwai wanda zai ce, da a kashe miliyoyi a kan masu digiri, ba gara a gyara rufin firamaren Gwaska ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma idan dole sai an zaɓi ɗaya, firamaren zan zaɓa. Sai dai ba daga tukunya ɗaya ake ɗibarsu ba. Gyaran firamare haƙƙin gwamnati ne, da kasafinsa da hukumarsa, a matsa mata ta yi. Abin da nake magana a kai na al'umma ne, na 'yan kasuwa da 'yan boko da masu sarauta. Kuma yaron firamare yana bukatar ganin wani ɗan unguwarsu da karatu ya kai shi wani wuri. Shekara goma abin da ya gani shi ne wanda ya riƙe bindiga ya yi kuɗi, wanda ya shiga ramin zinare ya sayi babur.

Wani kuma zai ce ai ba sa dawowa. Wasu ba sa dawowa, gaskiya ne. Chevening dai yana sa mutum ya sa hannu cewa zai koma ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara biyu, amma komawa Najeriya daban, komawa Birnin Gwari daban. Mafi yawa a Abuja za su tsaya, wajen ƙungiyoyin agaji masu biya da dala. Ban ga laifinsu sosai ba. Mutumin da ke Abuja yana zaune a teburin da ake raba ayyukan raya karkara, kuma ya san sunan Tabanni da Kutemeshi ba sai an nuna masa a taswira ba, yana da amfaninsa. Arewa ta taɓa gwada wannan tun kafin 'yancin kai. A 1945 aka tura Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu malamai ƙalilan cibiyar nazarin ilimi ta jami'ar Landan, shekarar da ta biyo Malam Aminu Kano ya bi sahu. Shekara ɗaya-ɗaya suka yi. Abin da suka dawo suka yi, sai a tambayi tarihi.

Yanzu ga ɓangaren da kuɗi ba ya sayensa, kuma a nan na fi jin takaici. Masu ba da tallafin nan ba sakamako kaɗai suke dubawa ba. Chevening yana neman shekara biyu na aiki, awa 2,800 a lissafinsu, kuma aikin sa kai yana shiga ciki. Sannan yana so ka rubuta yadda ka taɓa jagorantar mutane, yadda kake ƙulla hulɗa da jama'a, dalilin zaɓen kwas ɗinka, da abin da za ka yi in ka dawo. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Sai ka ga matashin da ya tara yaran 'yan gudun hijira yana koya musu karatu da yamma ba da ko kwabo ba, ko wadda ta riƙe rajistar mata masu ciki a asibitin ƙauye lokacin da ma'aikata suka gudu, ko wanda ya shiga tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali har aka rabu lafiya, an ce ya rubuta jagorancinsa, sai ya ce shi bai taɓa riƙe muƙami ba. Ga wani can a birni ya shirya taron yini guda a otal, an ɗauki hoto, ya cika shafi biyu da shi. Aikin mai ba da shawara shi ne ya zaunar da na farkon, ya yi ta tambayarsa: yara nawa ne, wa ya ba ku wuri, da aka hana ku me ka yi, nawa suka koma makaranta? Amsoshin nan su ne rubutun. Faɗin abin da ka yi da adadinsa, ba ƙari ba ragi, ba fariya ba ce.

Kishiyar wannan ma tana nan, kuma na fara ganinta. Wasu sun gano cewa sunan Birnin Gwari yana taɓa zuciyar Bature, sai su mayar da takardar neman karatu ta koma zaman makoki: an kashe, an sace, an ƙone, ku taimake ni. Masu tantancewa suna karanta dubban takardu daga Sudan da Afganistan da Yukiren. Ba tausayi suke rabawa ba, mai shiri suke nema. Wanda kuma bai taɓa kwana a yankin ba ya ari bala'in mutane don ya samu biza, wannan tsakaninsa da Allah. Haka wanda ya miƙa wa ChatGPT rayuwarsa ta rubuta masa. Rubutun zai fito sumul, amma ranar ganawa ta baki da baki, in aka ce ya ba da misali, sai zufa.

Me za su karanto? Ba zan hana kowa bin abin da ransa ke so ba, amma ina da son kai a nan. Dajin Kamuku tun 1936 hukumar gargajiya ta Birnin Gwari ta keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, kuma yana haɗe da dazukan da suka miƙe har Zamfara da Neja. Yau duniya ta san shi ne a matsayin maɓoyar 'yan bindiga da 'yan Ansaru. Rahotannin da ake rubutawa a kansa, a Abuja da Landan da Washinton, akasari waɗanda ke rubuta su ta waya suke tambayar mutanenmu, su buga, su samu ƙarin girma. Jami'ar fasaha ta Dresden a Jamus tana da digiri na biyu kan dazukan ƙasashe masu zafi, kuma DAAD na ɗaukar nauyinsa. Jami'ar Bradford a Ingila ta yi suna a nazarin zaman lafiya da sasanta rikici, ƙungiyar Rotary na biya wa ɗalibai a can. Wageningen a Holan ta shahara a noma da kiwo, makarantar Camborne kuma a haƙar ma'adinai, mu kuwa ga zinare a ƙarƙashin gonakinmu ana tono shi da hannu, rami na rufta wa yara. Wanda ya tashi a bakin wannan daji, ya san wane rafi ne ke ƙafewa a watan Maris, ya san yadda rigimar gona ke somawa, in ya haɗa da ilimin auna daji ta tauraron ɗan'adam, ba shi da na biyu a wannan fage. Kuma wannan ita ce hujjar da ke cin gasa: ga matsala, na san ta ciki da waje, ga abin da ya rage mini in koyo.

'Yan mata kuwa a sa su a gaba da gangan, domin in an bar abin ya tafi yadda ya saba, jerin zai fito duk maza. Shekara guda ce, kuma mun ga matan aure daga Kano da Zariya sun je sun dawo da mutuncinsu.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar doka daga majalisa. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, wadda ta yi shekaru tana ƙirga gawawwaki tana sanar da duniya, ta cancanci ta samu aikin da ya fi wannan daɗi. Ta buɗe rajistar duk ɗan masarautar da ya gama digiri da sakamako mai kyau, gunduma-gunduma. Mai martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya sa albarka ya kira masu hali. Ƙaramar hukuma ta ba da ɗaki ɗaya mai sola da intanet da kwamfuta goma. 'Ya'yan yankin da ke koyarwa a jami'o'i su raba masu neman a tsakaninsu, kowa ya riƙe uku ko huɗu, ya karanta rubutunsu, ya taya su bin takarda a makarantarsa. Kada a ba kowa kuɗi a hannu. A biya ofishin fasfo da cibiyar jarrabawa kai tsaye. A fara tun watan Maris, domin Chevening a watan Agusta yake buɗewa, sauran kuma su biyo baya har zuwa Janairu, kuma wanda watan Agusta ya riske shi ba fasfo ba takardar sakamako, sai wata shekarar.

Sharaɗi ɗaya ne zan dage a kansa, don na san inda irin wannan shiri ke mutuwa. A liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa a ƙofar sakatariya, kowane suna da gundumarsa da darajar digirinsa, yadda ɗan Kazage zai iya tsayawa ya karanta, ya ga dalilin da ya sa aka ɗauki wane aka bar shi. Ɗan shugaban ƙaramar hukuma in ya cancanta ya nema kamar kowa, amma fasfonsa babansa ya biya.